Shokolar Dala Biyar da Cukun Innata

Ranar da muka zauna shirya wannan ɗan littafi mu tara ne a ɗaki ɗaya, shayi na kan gawayi, takardu barbaje a tabarma. Wani daga cikinmu ya zo da ledar shokola, irin ƴan ƙananan nan masu takarda mai ƙyalli da ake sayarwa dala biyar-biyar a bakin tasha. Ni kuma na kwance ƙullin da innata ta aiko mini daga Tenhiya: cuku ne, falle goma sha biyu, busasshe ƙarau, har da shatin tsinken da aka shanya shi a kai. Ban kai ga ajiyewa ba sai wani ɗan uwa ya toshe hanci ya ce, "Haba malam, ɗauke mana wannan ƙauyancin, kar ya sa takardu wari." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don in ba ka yi ba sai a ce ka ji haushi. To na ji ɗin. Wata biyu ke nan kalmar nan tana yi mini yawo a ka, kuma tunda an ba ni shafi a nan, a nan zan amsa.

Kafin in fara faɗa, bari in tona wa kaina asiri. Ina son shokola. Kuma farkon abin da na kira da wannan suna ba a kanti aka sayo shi ba.

Shekarar 2010 ina ɗan shekara bakwai. Duk wanda ya yi wayo a Damargu bai manta da ita ba: daminar da ta gabata ta gaza, ciyawa ta ƙare da wuri, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyi, mai garke ya wayi gari da sanda kawai. Ƙanwata ta kamu da tamowa. Aka zagaya damtsenta da ɗan ma'aunin nan mai launi uku, ya faɗa kan ja. Daga nan kowane mako inna takan tafi asibiti ta dawo da ƴan ledoji, an gaya mata magani ne, na yarinyar ne ita kaɗai. Mu yaran unguwa shokola muke ce masa. Mai maiƙo, mai zaƙi, yana manne wa dasashi. Sau uku na sata. A na ukun inna ta kama ni da leda a baki a bayan rumbu. Ba ta buge ni ba, da ma ta buga. Sai ta zaunar da ni, ta jera sauran ledojin a ƙasa, ta ce, "Wannan na Litinin, wannan na Talata, wannan na Laraba. Zaɓi ranar da kake so ƙanwarka ta kwana da yunwa." Har yau in na ji zaƙi mai maiƙo a harshena sai na ga ledojin nan a jere.

Sai da na zo Damagaram karatu na san abin da ke ciki. Plumpy'Nut ne, babu ko ƙwayar kakawo a cikinsa: gyaɗa ce, da sukari, da mai, da garin madara, da sinadaran gina jiki, gram 92 a kowace leda, kalori 500. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, shi da kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, kuma ana ba da labari cewa dabarar ta faɗo masa ne da ya kalli kwalbar shokolar shafa wa burodi a teburin karin kumallo. Ashe yaran Damargu ba su yi nisa da gaskiya ba. Saboda haka, ɗan uwa mai toshe hanci, ba sai ka koya mini daɗin shokola ba. Na san shi tun kafin in san baƙi.

Abin da nake so in fara gaya maka shi ne, abin da ka kawo mana a leda ran nan ba shokola ba ce. Man kakawo, wanda shi ne ran shokola, yana narkewa ne a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam. Nan asirin farin jininta yake: a hannu tauri, a baki sai ta narke ta bi harshe, babu wani mai da ke yin haka daidai kamar shi. To a Tanut, a watan Afrilu da Mayu, ko a inuwa zafi yana haura digiri 40. Ka je wurin mai tebur da tsakar rana ka duba hajarsa: tana nan tsaye ƙiƙam, ko gezau. Me ya hana ta narkewa? Juya takardar ka karanta, ai don haka aka kai mu lakwal. Sukari ne a farko, sai man kwakwa da aka daskarar, sai ɗan garin kakawo na rina launi, sai ƙamshi. Shi ya sa take barin wani kitse a ganɗa kamar ka tauna kyandir. A Tarayyar Turai, bisa dokar da suka yi a 2000, ba a kiran abu shokola sai kakawon da ke ciki ya kai kashi 35 cikin 100, mai madara kuwa kashi 25, kuma wani mai daban da za a ƙara ba zai wuce kashi 5 ba. (A cikin ƴan mayukan da suka yarda da su har da man kaɗanya, na matan Sahel. Ka riƙe wannan.) Abin da ake jibge mana a nan, a can ba shi da izinin amsa sunan. Kallon kitse muke yi wa rogo, har muna yi wa mai nama dariya.

Ta gaskiyar na taɓa ganinta sau ɗaya ina yaro. Kawuna ya dawo daga Tamanrasat da tsaraba, ya biyo ta Asamaka da Arlit da Agadas, kwana da kwanaki a bayan babbar mota. Da aka buɗe jaka sai aka tarar ta narke da rana ta daskare da dare har ta rasa kama, ta yi fari-fari kamar kanwa. Da yatsa muka kankare ta daga takarda. Kawu ya riƙe takardar ya lanƙwasa ta ya sa a aljihu, don a san dai daga ina ya fito.

Yanzu kuma batun "wayewa", don na san abin da ke bayan kalmarka ke nan: shokola ta Turawa ce, ta birni, cuku na daji ne. To ba Bature ya fara ta ba. Itacen kakawo, wanda mutanen Najeriya ke ce wa koko (ba kokon da ake sha da ƙosai ba), asalinsa dazuzzukan Amazon ne, kuma a ƙasar Ekwado an tono tukwane masu ɓurɓushinsa da suka haura shekara 5,000. Mutanen Maya da Aztek, a inda Meksiko da Gwatamala suke yau, sha suke yi ba ci ba. Su soya ƙwayar, su niƙa a dutse, su dama da ruwa, su zuba barkono, wani lokaci da garin masara, su yi ta sheƙawa daga ƙwarya zuwa ƙwarya har ya yi kumfa. Ɗaci gare shi, ba sukari. Niƙa a dutse, damu, yaji, sheƙa: in ka kai wannan Tenhiya za a ce wata irin fura ce ta baƙi. Ƙwayar kuma kuɗi ce a kasuwanninsu, kamar yadda wuri ya kasance a kasuwannin Damagaram da Kano. Da Sifaniyawa suka ci birnin Aztek da yaƙi a 1521 suka ɗauki abin suka kai gida, suka cire barkono suka zuba sukari, ya zama abin shan fadawa da manyan limaman coci. Rake da kakawon da suka ciyar da wannan marmari, a Barazil da Benezuwela da tsibiran Karibiyan, bayin da aka kwaso daga gaɓar Afirka ne suka noma su.

Kusan shekara 300 tana abin sha na masu hali. Sai injuna suka shigo: a 1828 Van Houten na Holan ya sami lasisin matsar da ke raba man kakawo da garinsa, a 1847 gidan Fry a Biristol ta Ingila suka haɗa gari da sukari da man suka fitar da sanda da ake gutsura. Amma ko a lokacin ɗaci da gautsi gare ta. Abin da ya mai da ita abin da yaro ke kuka a kansa a ko'ina cikin duniya shi ne madara. Nan nake so ka buɗe kunne.

A garin Vevey na ƙasar Suwis akwai wani mutum, Daniel Peter, da ya yi shekaru yana neman haɗa madara da kakawo yana faɗuwa. Dalili? Ruwa. Madara kusan duk ruwa ce, ruwa da mai ba sa jituwa, in aka haɗa sai abin ya cure ya yi fumfuna. Bai ci nasara ba sai wajen 1875, da ya koma ga madarar da aka ƙafe ruwanta, sana'ar da maƙwabcinsa Henri Nestlé ya shahara a kanta. Wato babbar matsalar da ta tsaya tsakanin shokola da duniya ita ce: yaya za a raba madara da ruwanta don ta daɗe? Wannan tambaya ita ce innata take amsawa kowace safiyar damina. Ta tatso, ta ɗiga ɗan ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono, madara ta kama, ta shimfiɗa a ƴar tabarmar tsinke, ta tsane, ta shanya a rana. Abin da zai lalace kafin la'asar ya koma falle da zai yi watanni a cikin jaka, a bayan raƙumi, ba firji, ba lantarki. Matan Buzaye da Fulani sun gaji wannan tun kaka da kakanni. Mutanen Suwis makiyaya ne kamar mu, masu hawa tudu da shanu in ciyawa ta fito su sauko in sanyi ya zo, kuma cukunsu wari gare shi wanda namu bai kama ƙafarsa ba. Ba su ji kunyar shanunsu ba. Zana su suka yi a jikin takardar shokola suka sayar wa duniya. Kai kuma ka ga saniya a takarda ka ce wayewa, ka ga abin da ya fito daga saniyar gaske ka toshe hanci.

Kakawon fa, wa ke noma shi yau? Suwis ba ta da ko itace ɗaya. Turawan Fotugal ne suka tsallako da shi daga Barazil zuwa tsibiran Sawo Tome da Firinsipe, inda aka riƙa kawo mutane daga Angola da sunan ƙwadago alhali bauta ce, har abin ya yi ƙamarin da kamfanin Cadbury ya daina sayen kakawon can a 1909. A Gana suna tunawa da wani maƙeri, Tetteh Quarshie, da ya dawo daga tsibirin Fernando Po da iri a 1879 ya shuka a Mampong. Zuwa 1911 ƙasar ta fi kowace a duniya fitar da kakawo, kuma ƙananan manoma baƙar fata ne suka yi wannan aiki. A Kodebuwa kuwa Faransa hannu ta rasa, sai ta rushe Haute-Volta a 1932, ta liƙa mafi yawanta ga Kodebuwa don a ji sauƙin kwasar Mosawa zuwa gonaki, wani yanki kuma aka haɗa shi da Nijar. Ba a soke aikin tilas ba sai 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, wanda shi kansa manomin kakawo ne. Mu ƴan Damargu mun fi fuskantar Kano da Libiya da Aljeriya in za mu bida, amma ƴan uwanmu na Adar da na Zabarma kurmi suka sani. Su ne ƴan dako da ƴan tireda a zangon Kumasi da Akara da Abijan, a tsakiyar arzikin kakawo, kuma da Gana ta kori baƙi a 1969 suna cikin waɗanda aka loda a motoci.

Yau Kodebuwa da Gana kaɗai suna noma fiye da rabin kakawon duniya. A watan Maris na 2024 farashin ton ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar New York, wato kusan jika shida kowane kilo. A daidai lokacin manomin Kodebuwa jika ɗaya ake ba shi. Da surutu ya yi yawa aka ƙara masa zuwa sefa 1,500 a watan Afrilu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan Damargu bai kamata a yi masa dogon bayani a nan ba, don ya san nawa aka sayi ragonsa a kasuwar Tanut, ya kuma ji labarin nawa aka sayar da shi a Legas ana gobe Sallah. Manyan kamfanonin shokola sun sa hannu a 2001 cewa za su kawar da mummunan aikin yara daga gonakin kakawo. Binciken da wata cibiya ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 na aiki a gonakin ƙasashen nan biyu, da adda da feshin magani. Mafi yawansu ba su san ɗanɗanon abin da ake yi da ƙwayar ba.

Amma ni ba kakawo ya fi ci mini rai ba, madara ce, don ita ce tamu. Nijar ƙasar dabbobi ce, kowa na faɗin haka a jawabi. Da damina a wajenmu nono yana yawa har a rasa mai saye, a ba maraƙi, a ba baƙo, wani lokaci a zubar, saboda babu hanya, babu sanyi, babu mai zuwa ɗauka. A lokaci guda kuma mafi yawan yawur ɗin leda da muke sha a birane da garin madarar waje ake yin shi. Tun da Turai ta cire wa manomanta ƙayyadadden adadin madara a 2015 suka yi ambaliya, kuma ga dabarar da aka samo: a cire man shanun a sayar da tsada a can, a maye gurbinsa da man kwakwa, a busar, a ɗura a buhu mai kilo 25, a turo Afirka ta Yamma inda harajin shigowarsa bai taka kara ya karya ba. Ka lura? Dabara ɗaya ce da ta shokolarka ta dala biyar: a zare mai mai daraja, a cusa mai arha, a bar suna. Ƙofar kuma gefe ɗaya take buɗewa. A 2024 wata shokolar shafawa ta Aljeriya, El Mordjene, ta yi farin jini a Faransa har ana layi a kanta, sai aka tare ta a tashar jirgin ruwa aka ce akwai madara a ciki, kuma Aljeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yarda su shigar da kayan madara Turai. Aljeriya ke nan, mai masana'antu. Ina ga cukun Tenhiya.

To kar wani ya ɗauka na koma sahun masu cewa a ƙaurace wa duk abin da ya tsallako teku. Su ma na gaji da su. Za ka ji mutum yana zuba kishin ƙasa da Faransanci, kofin Nescafé a hannunsa, in ka miƙa masa cuku ya ce haƙorinsa na ciwo. Ihu ba ya sayar da ko falle ɗaya. Kuma cuku na da laifinsa, ni ɗan gida ne, na sani. Ana shanya shi a fili, ƙuda ya sauka, iska ta watsa masa rairayi, ka tauna ka ji ƙaras. Wani falle kauri, wani kamar takarda. A tasha ana miƙo shi ta tagar mota da hannun da ya karɓi kuɗi. Ba kwanan wata, ba sunan wadda ta yi, ba ƴar ledar da yaro zai saya da dala biyar ɗinsa. Shokola ba da zaƙi kaɗai ta ci duniya ba. Ta ci ne da awo ɗaya kullum, da takarda mai tsabta, da gutsure daidai aljihun talaka, da kuma sa wa mutum jin cewa in ya ba ka ita ya girmama ka. Shi ya sa saurayi zai ci bashi ya saya wa budurwa kwalinta, ba zai taɓa tunanin ƙullin dabinon Bilma da cuku ba, alhali kakansa da wannan ya yi zance.

Gwamnati ta sa cuku cikin kayan ƙasa huɗu da ta nemi a kare sunansu, tare da kilishi da albasar Galmi da fatar jar akuyar Maraɗi. Madalla. Amma takardar tana Yamai, innata kuma ba ta san da ita ba, ɗan sarin da ke zuwa ƙauye shi ke yanka mata farashi kamar jiya. Tsakanin takardar can da tabarmar innata wa ya kamata ya tsaya? Mu. A cikin mu taran nan na ɗakin akwai mai karatun kiwo, akwai mai karatun kimiyyar haɗa sinadarai, akwai mai karatun kasuwanci, wato kai. Kowannenmu zai rubuta kundin kammala karatu da Faransanci mai kyau, a yi masa bango, a ajiye a kanta ya sha ƙura. Ban ji wanda ya ce zai gwada akwatin shanya mai raga da zai hana ƙuda da rairayi ba. Ban ji wanda ya auna kwana nawa falle ke yi a leda kafin ya canza ba. Ban ji wanda ya tambayi mata goma a Balbeji ko Tenhiya lita nawa ke ba da falle nawa, da nawa suke samu in an cire wahala ba. Ni ma ban yi ba, ina nan ina rubuta faɗa. Gyaɗa, sukari, mai, madara: abin da aka ceci ƙanwata da shi ke nan, kuma babu ɗaya cikinsu da ƙasar nan ba ta san shi ba. Sai da wani ya kalli kwalba a teburinsa a Faransa sannan aka haɗa mana su.

Ƙanwar tawa tana nan, ta girma, tana koleji a Tanut. Da na kira gida makon jiya ta karɓi waya ta ce, "Yaya, in za ka zo hutu ka taho mini da shokola." Zan saya mata, ta gaskiya in na samu, in naɗe ta cikin rigar sanyi in zauna gefen da rana ba ta bugu a mota. Inna kuma ta ce akwai wani ƙullin a hanya, ta ba wani direba. In ya iso, ranar zamanmu na gaba zan zo da shi, kuma a kan takardunka zan kwance shi.